Farin Fure a Ƙarƙashin Ƙaton Kai

Duk faɗin Hong Kong ba a haifi wanda zai ce wa Cheuk Lai-ngo ta yi shiru ta yi ba. Da fitowa a 'yar aiki ta fara a tsofaffin finafinai, irin wadda uwar gida ke kwaɗa wa mari tun fim bai yi nisa ba. Bakinta ne ya kai ta talabijin, ta zama mai gabatar da shirin barkwancin da ko mai sayar da taliya sai ya bar tukunya ya leƙa. A tashar kowa Yaya Ngo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Ana dab da sabuwar shekara mahaifiyarta ta rasu. Lai-ngo ta maƙala farin furen ulu na makoki a gashinta kamar yadda kowace 'ya ke yi, ta koma bakin aiki.

Mista Poon, shugaban shirin, ya same ta a ɗakin kwalliya tana ɓare lemo. Mutum ne da ba ya faɗin magana sai ya zagaye unguwar Kowloon da ita tukuna.

"Yaya Ngo, shirin safiyar sabuwar shekara, kin san dai kai tsaye ne."

"Na tsufa ina yin sa, yau za ka sanar da ni?"

"Tsoho Leung zai zo da kansa."

Leung shi ne mai kamfanin man zafin da ke ɗaukar nauyin shirin, dattijon da ko aski ba ya yi sai an duba masa rana.

"Ya ce ba ya son ganin fari, launin makoki, a allo ranar, ja kawai. Ki cire furen na safiya ɗaya, sai ki mayar."

"In cire uwata na safiya ɗaya, sai in mayar?"

"Haba Yaya Ngo, ba haka nake nufi ba."

"Haka ka faɗa, sukari kawai ka barbaɗa."

Poon ya goge wuya da hankici. "In ba ki cire ba, ya ce a ba Pui-shan. Kin kuwa san wadda ta buɗe shekara ita ke riƙe shirin har ƙarshenta."

Ta sani sarai. Pui-shan sarauniyar kyau ce ta bara, tana faɗin barkwanci kamar mai karanta hasashen yanayi. Lai-ngo ba ta tsane ta ba, amma kujerar nan da marin da ta sha ta saye ta. Ranta ya ɓaci ƙwarai, abin haushin kuma ba ta ga laifin tsohon ba. Ita kanta ba za ta shiga gidan mutane gaisuwar shekara da furen makoki a ka ba.

"A ba ta," in ji ta. "Wa zai sa ƙaton kai a rawar zaki?"

"Wani cikin 'yan rawar mana. Me ya kawo wannan?"

"Ka ce masa ya huta, ni zan sa."

Poon ya saki baki. "Ke? Mai ƙaton kai fa ba ya magana!"

"To ba sai ka yi murna ba? Tun yaushe kake fatan in rufe bakin nan."

Aiki ne da ake jefa wa wanda bai iya komai ba. A kifa maka ƙaton kai na takarda mai kumatu jajaye da dariya har kunne, a ba ka mafici, ka yi ta tsokanar zaki, a gama ba wanda ya tambayi sunanka. Poon ya ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa ta, ya ƙyale.

Ranar, ɗakin shiri ya yi jajir. Pui-shan ta fito cikin jar riga ta yi gaisuwar arziki. Tsoho Leung na kujerar gaba, ya dafa sanda. Aka buga ganga, zaki, wato 'yan rawa cikin shigar zaki, ya yi tsalle ya shigo, mai ƙaton kai na biye.

Ba ta yi nisa ba wata mata a baya ta ƙwala ihu: "Kai, wannan ai Ngo ce!"

Tafiyar ce ta tona ta: ƙafa a ware, ƙugu na jifa hagu da dama, kafaɗa ɗaya a karkace. Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗinta ya san tafiyar. Abin da ba su sani ba, tafiyar mahaifiyarta ce, sanda take hawa bene da bokitin ruwa biyu a shekarun da famfo ya ƙafe. Ɗakin ya kece da dariya.

Daga nan ta saki jiki. Ta sace latas ɗin da aka rataya wa zaki ta cusa a riga, ya bi ta, ta fyaɗa masa mafici a gindi. Da Pui-shan ta manta maganarta, mai ƙaton kai ta tsaya gefenta tana yi mata fifita kamar wadda za ta suma, har yarinyar ta fashe da dariyar gaske ta tuna. Zaki ya zube ƙasa don hutunsa na al'ada, ita kuwa ta ruga teburin talla ta sunkuto ƙaton gwangwanin man zafi, ta durƙusa tana mulke masa baya. Zakin ya zabura ya miƙe. Tsoho Leung ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

A cikin kan takardar kuwa kuka take yi. Tun ranar jana'iza hawaye ya ƙi zuwa, sai yau da ta ji uwarta na tafiya a ƙafafunta. Kewar tsohuwar ta kama ta, ba ta kuwa kuskure ko kiɗa ɗaya ba.

Da aka kashe kyamara, Leung ya bi 'yan wasa yana raba jajayen ambulan na goron shekara. Ya tsaya gabanta.

"'Yan nan, cire kan mu ga fuskar da ta kusa kashe ni."

Poon ya daskare a bayansa.

"Kawu Leung," in ji ta daga ciki, muryar a shaƙe amma ba ta rawa, "in na cire, za ka ga abin da ka ce ba ka son gani yau. Yana nan inda yake, ban taɓa shi ba. Kai za ka zaɓa."

Tsohon ya daɗe yana kallon dariyar fentin nan. Sai ya kamo hannunta ya sa ambulan, ya naɗe yatsunta a kai.

"Bar shi a rufe yau," ya ce. "Bayan bikin fitilu da ke rufe bukukuwan shekara ki dawo kujerarki da kanki na gaskiya, da duk abin da ke kansa."

Ta rusuna masa da ƙaton kan har ya kusa zamewa, ta tare shi da hannu biyu. A haka ta ratsa mutane ta nufi ɗakin kwalliya, ana ta tafa mata, ba ta cire ba sai da ta rufe ƙofa.