Sunan da ke Bayan Kunnen Sarauniya

Zinatu likitar haƙori ce da ta zo Manchester ƙaro karatu, tana zaune a unguwar Rusholme da yayarta Batulu. Tana bincike ne a kan abin da aka yi haƙori da shi, shi ya sa Catherine, mai kula da wani ƙaramin gidan tarihi a Birmingham, ta nemo ta. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, hukumar birnin ta sallami ƙwararrun gidan, saura Catherine da kayan da ba a tantance ba.

Ranar Laraba Zinatu ta hau jirgin ƙasa da madubin bincikenta a jaka. Catherine ta jawo wata durowa, sai ga fuskokin sarakuna da sarauniyoyin Turai goma sha biyu, sassaƙaƙƙu, kowace ba ta fi dabino girma ba. So take a gaya mata: hauren giwa ne ko ƙashi?

Zinatu ta ɗauki wata sarauniya mai dogon hanci, ta sa ta ƙarƙashin madubi. Haure ne, ba shakka. Har za ta ajiye, idonta ya faɗa bayan kunne, cikin gashi. Ta ƙara girman hoton.

"Catherine, zo ki gani! Wannan ba tsaguwa ba ce, rubutu ne!"

Catherine ta leƙa, ta karanta harafi-harafi: Celestina. Ta dafe ƙirji: sunan mace ne, da alama mai sassaƙar ce ta sa hannu. Duk takardun gidan cewa suke wani namiji mai sassaƙa a fada ne ya yi su. Suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya. Bakwai na ɗauke da sunan! Catherine, da furfurarta da komai, ta hau tsalle tana tafi.

A jirgi Zinatu ta kira gida. "Yaya, wallahi na tono wata mata da aka manta da ita shekaru aru-aru!"

"Ke da kika tafi duba haƙori?" in ji Batulu, tana dariya. "To Allah Ya sa albarka."

Da bazara aka baje kolin fuskokin, kowace da madubi a gabanta, aka rubuta sunan Zinatu a jikin bango. Batulu ta ɗauki hutu daga asibitin da take aiki, ta zo ta shiga layi. Sau uku tana komawa baya don ta sake leƙawa.