Aron Kunne a Garejin Torsten

Tun daga bakin ƙofar gareji Gunvor ta ji sautin. Siriri ne, sss, kamar buta ta fara ɗaukar zafi, daga can ƙasan injin ta ɓangaren hagu yake fitowa. Mijinta Torsten kuwa yana duƙe a ɓangaren dama da guntun tiyo manne a kunne. Kwanansa uku yana neman abin da ita ta ji tun kafin ta ajiye farantin kofi.

Motar 'yar ƙarama ce, ruwan ƙwai, mai kujera biyu, ta girmi 'yarsu ta fari. Fitilunta kwance suke a cikin hancinta, sai an ja maɓalli su ɗago kamar mai farkawa daga barci. Zuƙar injin ce ke ɗaga su, ta wasu siraran tiyo na roba da suka bi ta nan suka ɓulla ta can. In ɗaya ya tsage ko da tsinin allura ne, zuƙar ta tafi a banza. Bana da hunturu ya wuce aka yaye mata bargo, fitilar dama ta buɗe tar, ta hagu ta ɗago rabi ta tsaya, sai ka ce harararsa take yi. Ga doka kuma: ko da rana tsaka, ba a hawa titi ba fitila.

Neman irin wannan tsaga aikin kunne ne. Ka tayar da inji, ka sa bakin tiyo ɗaya a kunnenka, ka riƙa bin robobin da ɗaya bakin har ka ji inda iska ke shiga. Shekara arba'in Torsten ya yi da garejinsa na gyaran motoci a garin Hedemora, har daga birnin Falun ake kawo masa mota don kawai ya saurara. To, kunnen nan ne ya fara tafiya shekara biyu da suka wuce, mai shi kuma ya ƙi yarda. Rediyo ce ta lalace. Malamar coci ce ke magana ƙasa-ƙasa. Tsuntsaye ne suka ƙaurace wa garin. Kowa da laifinsa, ban da kunnen Torsten.

Ƙarfe uku ya kashe inji don shan kofi, sai ga Evert, abokinsa na ƙungiyar masu tsofaffin motoci, mutumin da hancinsa bai taɓa kuskure ranar da Gunvor ta gasa burodi mai kirfa ba.

"Har yanzu amaryar taka da ido ɗaya take kallon mutane?" in ji Evert, ya ɗauki burodi tun ba a miƙa masa ba.

"Ita ko da ido ɗaya ta fi akwalar taka gani."

"Ranar Asabar fa za mu fita, tsoho. Kai ta wurin Göran makanike mana, yana da injin hura hayaƙi. Minti biyar ya nuna maka ramin."

"Me ka ce?"

"Na ce Göran! Hayaƙi!"

"Na ji ka, ba kurma ba ne ni." Torsten ya dire kofinsa. "Ba wanda ya taɓa gyara motar nan sai ni. In Jumma'a ta yi ban gano ba, zan kira masu gidan tarihin motoci su zo su ɗauke ta. Wanda ba zai iya kula da abu ba, bai kamata ya riƙe shi ba."

Evert ya yi dariya, ya ɗauka zolaya ce. Gunvor ba ta yi ba. Shekara arba'in da shida suna tare, ta san mijinta ba ya mayar da magana ciki in ta fito. Ta kuma san tun da ya rufe garejin kasuwa, motar nan ce ke tashinsa da safe. In aka ja ta aka fita da ita, kujerar bakin taga zai koma, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi.

Abin haushin, maganin yana bakinta. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, ta san sautin nan sarai, ta san inda yake. Amma ta ce masa "ga shi can ina ji" daidai yake da ta ce masa "kai ne ba ka ji", maganar da su biyun suka shekara biyu suna kewaye ta. Tausayinsa take ji, tana kuma jin haushinsa, wani lokacin ba ta san wanne ya fi yawa ba.

Ranar Alhamis ta gwada dabara. "Tsohona, ka duba fitilar hagu kuwa? Tunda ita ce ke maka gardama."

"Sau uku na bi ta. Lafiyarta ƙalau."

Don ya nuna mata, ya sake bi a gabanta. Tana kallo bakin tiyon ya zo daidai wurin da sautin ke fitowa, ta runtse ido, shi kuwa ya wuce abinsa fuska ba alamar komai. Ta koma kicin ta wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

Jumma'a da yamma ta shigo da kofi, ta tarar injin na aiki, bonet a buɗe, Torsten zaune a kujerar direba da ƙafa ɗaya a waje. Waya na kan gwiwarsa, da 'yar takarda mai lambar gidan tarihin. Bai ɗago ba sai da inuwarta ta faɗo masa.

"Yana yi yanzu?" ya ce.

"Me?"

"Sautin. Kar ki raina mini hankali, tsohuwa. Tun Litinin, duk shigowarki sai kin karkata kai hagu."

Ta ajiye farantin a hankali. "Yana yi."

"Da ƙarfi?"

"Daga ƙofa ake jinsa, Torsten."

Ya kalli sitiyari. Da ya buɗe baki, muryarsa ta yi ƙasa. "Ni ba na jin komai. Injin ma a ƙafata nake jin rawarsa. Ke kanki, dariyarki yanzu a bakinki nake ganinta. Na fi shekara rabona da jin ta."

Gunvor ta so ta ce ba komai, amma ƙarya ce, kuma bai cancanci ƙarya ba. Idonta ya cika. Ta miƙa hannu ta ɗauki guntun tiyon daga gefen injin, ta goge bakinsa da gefen rigarta.

"Wane bakin ake sawa a kunne?"

"Duk ɗaya ne. Kai, wannan matar, shekara nawa kina kallo?"

Suka duƙa tare a kan injin, kafaɗa na gogar kafaɗa, kowa gwiwarsa na ƙara. Ita ke da kunne, shi ke jan ɗaya bakin a hankali, yana bin robar kamar yadda ya saba. Da ya wuce bayan bawul ɗin da ke raba zuƙar, sautin ya soki kunnenta, ta damƙe wuyan hannunsa. Ya tsaya. Ya zura yatsa ƙarƙashin tiyon, inda ido ba ya kaiwa, ya lalubo, ya danne da babban yatsa.

Sautin ya ɗauke. A gaban motar, fitilar hagu ta ɗago sannu a hankali har ta miƙe daidai da 'yar'uwarta.

"Ga 'yar banzar nan," ya ce. "Tana tsotsar yatsana." Bai cire hannun ba. Murmushi yake yi.

Gunvor ta faɗi wata magana, kanta na sunkuye cikin injin.

"Sake faɗa," in ji Torsten. "Amma juyo, ina ganinki."

Ta juyo, ta kama fuskarsa da hannayenta biyu, duk da baƙin man da ya shafe su, ta faɗa a hankali yadda zai bi leɓenta.

"Na ce motar nan ba inda za ta. Daga yau in za ka saurari abu, ka kira ni."

Ya kalli bakinta har ta gama, sannan ya gyaɗa kai.

"Na ji," ya ce.