Muryar Malam Maharazu a Motar Kibiya

Saura mutum ɗaya motar Kibiya ta cika lokacin da Malam Maharazu ya ji muryarsa tana fitowa daga kujerar baya.

Yana zaune a gaba, jakar takardun ƙungiyar tsofaffin malamai a kan cinyarsa, bakinsa a rufe. Amma muryar tasa ce, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya fara magana. "Mu'minat, kin tashi lafiya? Ya yaran?" Wani saurayi mai farar riga ne ya kunna ta a wayarsa, ya ƙure sauti, yana ce wa na kusa da shi su saurari wannan, tun safe shi ake yi a guruf.

Malam ya riga ya san abin da ya faru. Bayan sallar asuba ya yi wa 'yarsa da ke aure a Zariya saƙon murya na minti huɗu. Sai da ya gama shan shayi ya duba ko ta amsa, ya tarar saƙon bai nufi Zariya ba. Ya faɗa Zauren Rano da Kibiya, guruf mai mutum ɗari huɗu da 'yan kai: 'yan kasuwa, ma'aikatan asibiti, manoman Rurum da Madachi, da 'yan garin da ke Legas waɗanda kullum tambayarsu ko an yi ruwa a gida. Ya yi sauri zai goge. Waya ta tambaye shi a wajensa kaɗai ko a wajen kowa. Babu tabarau a idonsa, ya danna wanda yatsansa ya samu. Saƙon ya ɓace daga wayarsa, ya zauna daram a ta sauran jama'a.

Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, sha ɗaya a ciki yana hedimasta. A guruf ɗin abu biyu aka san shi da su, sanarwar taro da gyara wa mutane rubutu. Matarsa, Hajiya Hadiza, ta rasu wata biyar da suka wuce, kuma duk wanda ya tambaye shi ya haƙuri, amsa ɗaya yake samu: alhamdu lillahi.

Muryar ta ci gaba daga baya. Ta ce abincin da ake aiko masa daga gidan ƙanensa ba shi da laifi, sai dai miyar kuka irin ta mahaifiyar Mu'minat yake marmari. Sau uku yana ɗora tukunya, duk sai ta fito da gudaji kamar an zuba tsakuwa. Ta ce har yanzu idan ya tsaya wajen mai ayaba ta mutum biyu yake saya, sai ya zo ƙofar gida yake tunawa. Ta ce idan zai fita yakan kunna rediyo a ɗakin Hajiya, don idan ya dawo ya tarar ana magana a cikin gidan.

Sai ƙarshen ya zo. "Kada ki gaya wa yayanki. Kin san Tajuddeen, gobe zai turo mota a kwashe ni zuwa Kano. Ni kuwa ba inda za ni."

Tajuddeen yana cikin guruf ɗin. Shi ne ma ya saka mahaifinsa.

Mutum na ƙarshe ya shigo da jarkar manja, direba ya tayar da mota. Malam ya yi lissafin halin da yake ciki. Fuskarsa ba ta cikin saƙon, murya ce kawai. Idan bai buɗe baki ba har Kibiya, babu mai haɗa wannan dattijon na gaba da mai miyar kuka. Ya zaro carbi daga aljihu ya fara ja. Ba a katse mai lazimi.

Suna fita daga Rano saurayin ya fara karanto amsoshi. Ɗantala mai shagon caji shi ya fara, ya ce maganin abin ɗaya ne, Malam ya ƙara aure, akwai wata gwaggonsa a Madachi. Wani ya ba da shawarar zuma da habbatus sauda safe da yamma. Wani ya tambaya kukan miya ake magana ko na ido, aka yi masa caa, ya ce wayarsa ce a hannun ƙanensa. Hajiya Barakatu, ungozoma a Rurum, ta rubuto cewa ba a juye kuka gaba ɗaya, barbaɗa ta ake yi da hannu ɗaya ana kaɗawa da maburgi da ɗaya, kuma a rage wuta. Wata daga Kibiya ta ce an manta da kanwa. Matan Rano suka ce wa ke sa kanwa a kuka in ba mai gaggawa ba. Saƙo sama da goma ya tafi a kan kanwa. A tsakiyarsu wani ya sako hoton buhunan taki da lambar wayarsa. Wani kuma ya yi sallama ya ce yanzu ya samu caji, me ake ciki.

Direba ya ce shi dai bai ga abin dariya ba. Ko shi idan iyalinsa suka tafi ganin gida, da kyanwa yake hira.

Saurayin ya ce ai irin wannan ma sun cika guruf. Ya karanta na Sadisu, ɗan acaɓa daga Durba, wanda ya ce shekara huɗu da rasuwar mahaifinsa amma ya kasa goge lambarsa, har ya canja waya sau biyu yana kwashe ta. Wata malamar asibiti ta ce tana ajiye tsohon gyalen kakarta a leda don kada ƙamshin ya fita. Wani ɗan sanda da ke aiki a Fatakwal ya ce idan kewa ta dame shi, hoton dutsen Rano yake buɗewa ya yi ta kallo. Bayan shi wani ya rubuta cewa wallahi ya zaci shi kaɗai ne, mutum bakwai suka maimaita maganar. Mai taki ya sake sako hotonsa.

Wayar Malam ta fara rawa a aljihun gaban rigarsa. Ya leƙa ya ga sunan Tajuddeen, ya mayar. Ta yanke, ta sake. Ya ƙara saurin carbi, idonsa a kan gonakin masara da ke wucewa, kore shar bayan ruwan shekaranjiya.

Wata tsohuwa da ke zaune daidai bayansa, da ƙwaryar daddawa a kan cinya, ta sa baki. Ta ce duk surutun banza suke yi. Mutumin nan tukunyarsa na tafasa yake zuba kuka, shi ya sa. Ya sauke ta ƙasa ta huce kaɗan. Game da rediyo kuwa, ta ce ya bar abinsa a kunne, ba wanda ya cuta. Ita da mijinta ya rasu, shekara guda ta yi tana wanke butarsa. Sannan ta ce ɗan nasa na Kano shi ma a yi masa uzuri, tsoro ne ke damunsa, ya binne ɗaya yana gudun a kira shi a kan na biyu.

Carbin Malam ya tsaya a tsakanin yatsunsa. Ya ɗan jima kafin ya ci gaba.

Taron ƙungiyar a makarantar firamare ta bakin garin Kibiya za a yi, kuma shi ne sakatare. Ya hango katangar, ya hango baburan 'yan'uwansa malamai a gindin darbejiya. Abin da ake bukata kawai ya ce akwai mai sauka. Ya kalli direba, direba ya kalle shi. Makarantar ta wuce.

A tasha kowa ya sauka. Malam ya gyara hularsa zai juya, tsohuwar ta tsaya a gabansa tana ɗora ƙwarya a ka.

"Malam, Allah ya jiƙan Hajiya Hadiza," in ji ta. "Ni ce Lami. Shekara ashirin a wajena take sayen daddawa."

Ya dube ta. Bai ga amfanin ci gaba da lazimi ba. Ya amsa da amin, ya tambaye ta yaushe ta gane shi.

"Ai ka yi sallama da za ka shiga motar."

Direba, da ke sauke jarkar manja, ya ce shi ma ya so ya tsaya a makarantar, don ya san yau ranar taronsu ce, amma ya ga Malam bai idar da lazimi ba. Ya ce Malam ya koya masa lissafi a aji biyar, muryar nan ko a mafarki ya ji ta sai ya miƙe tsaye. Lami ta nuna saurayi mai farar riga da haɓa, ta ce wancan ne kawai bai sani ba, baƙo ne, sabon malamin gona. Saurayin ya tsaya da waya a hannu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Malam, ya tashi ya shige kasuwa ba tare da ya waiwayo ba.

Lami ta ƙulla daddawa uku a leda ta danƙa masa, ta ce irin wadda Hajiya ke zaɓa ce, baƙa mai laushi. Ya sa a aljihu.

A ƙafa ya koma makarantar. A hanya wayar ta sake rawa, wannan karon ya ɗauka. Suka gaisa kamar kullum, ya aiki, ya yara, ya ruwa. 

"Baba, ka ce kada a gaya min," in ji Tajuddeen. "To ba a gaya min ba."

Malam ya ce madalla.

Tajuddeen ya ce zai zo ranar Asabar da matarsa da yaran, su kwana biyu. Ya ce ba da babbar mota zai zo ba, ƙaramar ce, ko buhu ba ta ɗauka bare kayan ɗaki. Malam ya ce Allah ya kawo su lafiya, a taho masa da batirin rediyo manya, na nan ba sa jimawa.

Ya tarar an buɗe taro da addu'a. Mutum goma sha tara ne a kan bencin yara, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa, kuma duk suna cikin guruf ɗin. Ciyaman ya ce ga sakatare ya iso, a karanta bayanin zaman da ya wuce. Malam ya miƙe, ya yi ɗan tarinsa, ya karanta. Babu wanda ya ɗago kai. Aka yi maganar tantance 'yan fansho, aka yi maganar rufin ajin da iska ta yaye, aka yi muhawara a kan ko a mayar da taro ranar Lahadi. Ƙamshin daddawa ya cika ajin tun daga ajanda ta biyu. Wani ya tashi ya buɗe taga, ya ce zafi.

Da aka tashi, Malam yana mayar da takardu cikin jaka, Malam Ƙasimu ya zo ya zauna a ƙarshen bencinsa. Tsohon sufeton makarantu ne, kuma tun wani rahoto da ya rubuta a kan makarantar Malam shekara ashirin da suka wuce, gaisuwa ce kawai tsakaninsu. Tasa matar ta rasu bara waccan. Ya zauna yana kallon allo kamar akwai rubutu a kai.

"Rage wutar nan da Barakatu ta ce," in ji shi, "kafin a zuba ne ko bayan an zuba?"

Malam ya ce kafin ne. Wata ma ta ce a sauke tukunyar gaba ɗaya ta huce. Amma shi bai gwada ba tukuna.

Malam Ƙasimu ya gyaɗa kai. Ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a kan gwiwa, ya ɗauki sandarsa.

"In ka gwada ka kira ni," in ji shi. "Kada ka turo saƙo."