Bidi a Motar Kebbe

Sai da ƙarti huɗu suka sa kafaɗa kafin Bidi ya yarda ya taka katakon da aka gitta daga tudun bakin kasuwar Tambuwal zuwa bayan motar. Halliru ya rufe masa ido da rawaninsa, yana ja yana lallashi, dokin yana huci yana turjewa. Da aka samu ya shiga, Halliru ya ɗaure kamazurun linzamin tamau a jikin ƙarfen da ke bayan kan direba.

Ɗangiwa direba ya leƙo ya ga doki da sirdi da linzami, likkafu suna reto, ya ce a kwance masa kayan nan, shi ya sha ɗaukar dawakin fatake amma bai taɓa ɗaukar mai sirdi ba. Halliru ya ce ina, babu lokacin kwancewa da ɗaurawa. Kuma a saninsa doki ya fi natsuwa in yana jin ƙarfe a bakinsa. Shekara talatin yana hawa, yau direba ne zai koya masa doki? Ɗangiwa ya ɗaga kafaɗa ya koma. Halliru ya san doki kam, ba mai musu, sai dai ranar ce ya fara sa ƙafarsa cikin mota tunda uwarsa ta haife shi.

Abin da ke cinsa ba ƙarami ba ne. Jiya da yamma kububuwa ta sari 'yarsa Zahara'u a gonar gyaɗa, can Tungar Almu, bayan fadamar Kebbe. 'Ya'ya biyar Allah ya ba shi, ita kaɗai ta rage. An yi tofi, an yi jiƙo, amma kafin asuba jini ya fara tsattsafowa daga dasashinta. Ya ɗaura wa Bidi sirdi ya kamo hanyar Tambuwal, inda ya ji ana da allurar saran maciji, bai iso ba sai azahar, dokin ya jiƙe sharkaf. Malam Ladan, malamin asibiti na hukumar En'e, ya yarda ya bi shi da akwatinsa. Motar Ɗangiwa za ta kai su Kebbe, inda hanyar mota ta ƙare. Daga nan ruwan damina ya cika fadama, sai doki. Malam Ladan kuwa mutum ne mai jiki, ga ciwon gwiwa, ba zai iya ratsa taɓon nan da ƙafa ba. In babu Bidi babu allura.

Kafin a tashi Halliru ya je tagar direba ya riƙe hannunsa.

"Don Allah, ko mi ka ji, kada ka tsaya. Ɗiyata na can."

Malam Ladan ya shiga gaba. A baya akwai buhunan gishiri, da 'yan koli uku mutanen Jega, da wata tsohuwa da ake ce wa Goggo, ta ƙanƙame ƙwaryar daddawarta tana hararar dokin.

Har suka wuce gonakin bakin gari babu abin da ya faru, Bidi dai yana rawar jiki yana ware ƙafafu. Halliru ya tsaya a wuyansa yana shafa shi. Sai hanya ta fara lalacewa. Motar ta faɗa rami na farko, likkafar dama ta tashi ta dawo ta sari haƙarƙarin dokin. Bidi ya zabura gaba, linzami ya fizgo shi baya.

Nan take Halliru ya gane abin da ya yi. Likkafun nan na ƙarfe ne masu faɗi da kaifin gefe, da su yake zungurar Bidi in yana son sukuwa, kuma shi da kansa ya hore shi a kan haka tun yana ɗan dukushi. Yanzu duk ramin da motar ta faɗa, ƙarfen yana ce wa dokin ruga, linzamin da ya ɗaure tamau yana ce masa tsaya. Ga ido a rufe. Ya kai hannu ya cafke likkafa ɗaya, ta ɗaya gefen ta ci gaba da aikinta.

Bidi ya yi haniniyar da Halliru bai taɓa jin irinta ba, ya miƙe a kan ƙafafun baya. Kumfa mai jini ta fantsamo wa Goggo a zane. 'Yan koli suka haye buhunan gishiri suna salati, ɗayansu yana dukan rufin kan direba da tafin hannu. Ɗangiwa bai tsaya ba. Sun shiga wani dogon taɓo wanda in mota ta tsaya a cikinsa sai gobe, kuma ai an roƙe shi kada ya tsaya.

Da dokin ya sauko, sai ya zame ya jingina da bangon motar, likkafar hagu ta shige tsakanin katakai biyu ta maƙale. Sirdin ya karkace, majayin da ya ɗaure shi a ciki ya ja ya nutse cikin nama. Bidi yana neman tashi sirdi ya riƙe shi, yana neman faɗuwa linzami ya rataye kansa. Kofatansa suna dukan daɓen motar suna santsi. Saura kaɗan ya karya ƙafa ko wuya.

Wani cikin 'yan kolin ya miƙo wuƙa.

"Yanke majayin, bawan Allah, kafin shi kashe mu!"

Halliru ya dubi wuƙar. Yanka ɗaya ya isa. Amma sirdi ba ya zama ba majayi, Malam Ladan kuma ba zai zauna a tsurar bayan doki ba ko taku goma. Ya karɓi wuƙar ya yanke kamazurun kawai, kan dokin ya samu sakewa, ya jefar da wuƙar. Sannan ya durƙusa ya kutsa ƙarƙashin cikin Bidi.

Tsoro ya kama shi sosai. Cikin dokin yana hawa yana sauka a kan ƙeyarsa, zufa tana ɗigo masa a ido, kofato yana wucewa ta gefen kunnensa. Ƙullin majayin ya jiƙe ya ɗaure kamar dutse. Ya sa farce, farcen ya fita. Ya sa haƙori. Goggo tana ta kiran sunan Allah, tana cewa ya fito, ya fito, yana da iyali. Ƙullin ya fara motsi, ya ja, ya sake ja, ya warware. Sirdin ya saki ya rataye a bango. A daidai nan motar ta yi tsalle ta fita daga taɓon, Bidi ya taho gaba ɗayansa ya zauna a kan ƙafar Halliru.

Kowa a motar ya ji ƙarar ƙashin.

Da Ɗangiwa ya tsaya a kan tudu, dokin ya riga ya miƙe da kansa, yana tsaye yana kyarma. 'Yan koli suka janyo Halliru. Malam Ladan ya zagayo ya duba ƙwaurin, ya ga yadda ya lanƙwashe, ya ce a nemo masa kara ya ɗaure. Halliru ya ce a fara cire wa Bidi linzami tukuna. Aka kwance rawanin daga idonsa, aka zare ƙarfen, harshen dokin ya tsage, jini yana zuba. Halliru ya shafa ƙafafun dokin huɗu daga kwancen da yake, ɗaya bayan ɗaya, ya ji duk lafiya, sannan ya ce wa direba su tafi. Ɗangiwa bai ce ai na faɗa maka ba, ya dai tofar da yawu ya tada mota. Sauran hanyar Bidi ya yi ta tsaye shiru, ba sirdi ba linzami, Halliru kuwa kowane rami sai ya ciji hannun rigarsa.

La'asar ta yi sanyi suka isa Kebbe, motar ta wuce gari ta tsaya a bakin fadama. Aka sauke doki, aka sauke Halliru aka jingina shi da gindin wata ɗorawa. Daga nan ya riƙa faɗa wa 'yan koli yadda za su ɗora sirdin, yadda za su ja majayin. Bakin Bidi ba zai ɗauki linzami ba, sai igiyar ragama aka sa masa. Ɗangiwa ya ce a aika cikin gari a nemo wanda ya san hanyar Tungar Almu, amma hadari ya haɗo daga gabas, in ruwan nan ya sauka fadamar ba za ta ratsu ba ko da doki.

Malam Ladan ya tsaya da akwati a hannu, yana duban ruwan da ciyawa ta rufe har iyakar gani. Ya sunkuya kusa da Halliru ya rage murya.

"Malam Halliru, ni fa keke nika hawa. Rabona da doki tun ina yaro. Ban san hanya ba, ga shi ba linzami. Bari in ɗaure maka ƙafar ga tukuna, mu yi shawara."

"Ƙafa ta jira, Malam."

"In ka bar ta haka tana iya zame maka gurgunta."

"Na sani. Ku ɗora shi."

Mutum uku suka cicciɓa Malam Ladan bisa sirdi, Goggo ta kwance ɗankwalinta aka ɗaure masa akwatin a baya. Ya riƙe igiyar da hannu biyu yana ja, Bidi ya fara ja da baya yana kaɗa kai.

"Kada ka ja shi," in ji Halliru. "Kada ka taɓa shi da likkafa. Riƙe gaban sirdin, ka sakam mishi igiya. Gida shika zuwa."

Malam Ladan ya yi bisimilla ya saki igiyar. Bidi ya tsaya, ya juyo ya dubi mai shi a gindin ɗorawa. Halliru ya daka masa tsawa da sauran ƙarfin da ya rage masa, dokin ya juya ya sa ƙafa cikin ruwa.

Ɗangiwa ya karyo kara ya durƙusa zai ɗaure ƙafar. Halliru ya ture shi gefe da hannu, idonsa yana kan dokin.

"Gusa kaɗan," ya ce. "Ka tare mini."