Kwamfutar Ɗakin Baya

Tun safe nake fama da Perl, yaren rubuta manhajar kwamfuta, a ofishin manoman rani na Kura. Ƙarin manhajar da za ta tsara rabon ruwa nake son saukewa, amma intanet ɗinmu sai ta bi ta furoksi, wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin baya. Na sa adireshinta, na goge, na sake sawa. Da ƙyar abu ya fara sauka, sai ya tsinke. Na tashi, na zauna, na buga tebur.

Na leƙa ɗakin. Kwamfutar a kashe, janaretonta shiru. Shugabanmu, Alhaji Hashimu, yana tsugune yana zuƙe man janareton da tiyo.

"Albasata na bushewa, injin ban ruwa ba mai," in ji shi. "Kai har yanzu ba ka gama ba?"