Masta Kwarteng Ba Ya Barci

Masta Kwarteng ya ce shi ƙwaƙwalwarsa ba ta san hutu ba. A kan bencin jira ya faɗa, yana gyara zanensa a kafaɗa. Ya ce duk shekarun da ya yi yana hedimasta a Bantama ba a taɓa kama shi yana gyangyaɗi ba, balle yanzu da likitoci ke ƙara masa wutar lantarki a ka. Wai da an kunna na'urar yake jin jini na haurawa goshinsa kamar an buɗe famfo, kuma a lokacin yake yin tunanin da ya fi ƙarfin mutanen Kumasi.

Anti Dufie, mai sayar da atamfa a kasuwar Kejetia, ta ce ita dai ƙaiƙayi take ji, kamar kwarkwata ta yi mata sallama. Masta ya ce ai ba laifinta ba ne, kai kai ne, amma wani ya fi wani.

Abin da ya tara su a bencin bincike ne da wani Dakta Amoako yake yi a wani ɗaki can bayan asibiti. Tsofaffi yake nema. Za a jiƙa soso biyu da ruwan gishiri, a ɗaure wa mutum a ka da roba, a saki 'yar wuta wadda ba ta kai ta tocila ba. A kan goshi kuma a ɗora wata hula mai ƙananan fitilu, ita ke auna yawan jinin da ke zuwa wurin da kuma iskar da ƙwaƙwalwa ke ci. Aikin mutum kawai ya zauna ya kalli wani baƙin ɗigo a bango. Ba magana, ba motsi, ba shan kofi kafin a zo, ba barci. Sista Kyerewaa, wadda ke ɗaura kayan, ta ce barci da kansa yana sauya tafiyar jini a ka, idan mutum ya yi shi ba za a gane wanne ne aikin wuta wanne ne aikin barci ba.

Masta ya yi dariya ranar da ta faɗi wannan. Ya ce ta je ta gaya wa masu bukata.

Kuma ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Tun da aka binne matarsa Maame Ofosuaa barci ya yi ƙaura daga gidansa. An yi jana'iza irin wadda ake ba da labari, rumfuna har bakin titi, tufafin makoki ja da baƙi ko'ina, makaɗa har daga Mampong. Da aka kwashe kujeru, ɗansa ya koma Hamburg, 'yarsa ta koma Accra, aka bar shi da ɗakuna da firji mai gurnani. Yaran suna aiko saƙon murya. Yakan saurara, ya sake saurara, sannan ya amsa da cewa yana da ayyuka da yawa. Turmin fufu yana nan a kife a bayan kicin, don ba a daka fufun mutum ɗaya. Yakan sayi waakye, shinkafa da wake, a bakin hanya ya ci a tsaye. Idan gari ya waye bai runtsa ba, sai ya ce wa kansa haka manyan masu tunani suke.

Ranar Talata da Juma'a kuwa tun da sassafe yake goge takalmi. Ya hau trotro, motar haya, ya iso kafin a buɗe ƙofa. Sista Kyerewaa za ta ce, "Papa, ka karya kuwa?" Sannan ta riƙe kansa da hannu biyu, ta juya shi hagu da dama, ta raba ɗan gashin da ya rage da yatsa, ta ɗora soson mai sanyi. Rabon da wani ya taɓa kan nan ya manta, in ban da mai aski, shi kuma hira yake da wani daban. Idan ta gama sai ta koma teburinta a bayansa. Yana jin motsin silifas ɗinta, da buɗe takarda, wani lokaci da 'yar waƙar coci a ƙasan maƙoshi. Duk ranar da ya fito daga ɗakin jikinsa sakayau yake, har yakan gaishe da mutanen da bai sani ba. Ya ce jini ne.

Da zagayen farko ya zo ƙarshe aka ce za a yi na biyu, mai tsawo, har bayan Kirsimeti, amma ba kowa za a ɗauka ba. Masta ya gaya wa benci cewa shi nasa a rubuce yake, don ba a ci gaba da bincike a bar ƙwaƙwalwar da ta fi ba da amsa. Anti Dufie ta ce Allah ya sa, don in aka sallame shi ba ta san wa zai dinga yi musu laccar safe ba.

Dakta Amoako ya kira shi ofis. Yaro ne a idon Masta, sa'an ɗansa, mai yawan ba da haƙuri kafin ya yi laifi. Ya juyo da fuskar kwamfuta ya nuna masa wasu layuka masu hawa da sauka, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe dai ya ce sakamakon Masta ba zai shiga lissafi ba. Ya ce da an ɗaura kayan, kafin wuta ta yi nisa, Masta yake yin barci. Kusan kowane zama.

Masta ya tambaye shi a wace makaranta ya yi firamare. Da ya faɗa, Masta ya ce ya gane. Ya yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa ɗan aji uku, cewa akwai bambanci tsakanin barci da zurfin tunani, kuma in na'urarsu ba ta iya rabewa ba to a mayar wa Turawan da suka sayar musu. Dakta ya ce Sista ma ta lura. Masta ya ce Sista a bayansa take zama, ƙeya ta gani.

Masta ya kalli kalandar bango, ya hango Talata da Juma'a jere har ƙasa, babu komai a cikinsu. Muryarsa ta sauka.

"Ɗana, a ba ni zama ɗaya. In na rufe ido, ka cire sunana da hannunka."

Dakta ya yarda, wataƙila don ya samu ya je cin abinci.

Ranar Juma'a Masta ya zo da shirinsa. Ya yi wanka da ruwan sanyi. Ya sa takalmin da ke matse masa ɗan yatsa, da gangan. A benci bai yi lacca ba, har Anti Dufie ta taɓa goshinsa ta ce ko famfon ne ya ƙafe. Ita an riga an ɗauke ta zagaye na biyu, ita da ƙaiƙayinta.

Shi ne na ƙarshe a layin safe. Sista ta riƙe kansa, ta juya, ta raba gashi. Ruwan gishiri ya ɗan gangaro bayan kunnensa, ta goge da gefen hannunta. Ta ce in ya ji ido na nauyi ya motsa yatsun ƙafa. Ya ce mata 'yata, kula da aikinki.

Ya kafa wa ɗigon ido. Ya ji ɗan cizon wutar a fata. Ya fara jero sunayen sarakunan Asante a zuci, daga nan ya shiga jadawalin sau bakwai. A bayansa silifas ya motsa, aka ja kujera, aka buɗe takarda. Sai 'yar waƙar nan ƙasa-ƙasa. Haka Ofosuaa take yi idan tana ninke kaya ranar Asabar, shi yana kwance a doguwar kujera da jarida a ƙirji, tana wucewa tana dawowa, ba ta ce masa komai, shi ma ba ya ce mata. Ya matsa ɗan yatsan cikin takalmi. Bakwai sau takwas. Ɗigon yana nan. Ya ƙifta ido sau ɗaya.

Da ya buɗe, ɗigon yana nan inda ya bar shi. Wani daɗi ya cika shi. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce ba tare da ya waiwaya ba a kira Dakta ya zo ya gani da idonsa. Ya ce yau wutar ta fi ta kullum ƙarfi, yanzu haka ma yana jin ta, jini sai gudu yake a goshinsa.

Sista Kyerewaa ta zagayo gabansa. Ta canza kaya, jakarta a kafaɗa, makullan ɗakin a hannu. Hasken taga ya koma ja.

"Papa, tun tsakar rana na cire maka ita."

Ya kai hannu ka. Ba soso, ba roba, gashin ma ya bushe. Hular tana rataye a ƙusa kusa da ƙofa, an naɗe wayarta tsaf.

"Na ga kana jin daɗin barcin ne, na ce a bar ka," in ji ta. "Amma yanzu zan kulle."