Goran Garafuni

Shekarar da aka kawo naira ciwon sukari ya kama maigidana, Baban Azumi. A babban asibitin Birnin Kudu aka ba shi ƙwaya, a sha ɗaya da safe, ya kuma samu sauƙi har ya koma gona. Da an bar mu haka, da ban tsufa da wuri ba.

Sai labari ya kai Gwaram, wurin mahaifina Malam Sada. Baba kuwa bai taɓa shiga gidan mara lafiya hannu rabbana ba. Ya hau lori ya zo da gora cike da jiƙon garafuni da shuwaka, mai ɗacin da ko akuya sai ta yi tunani. Ya zauna a zaure, ya tsiyaya a ƙoƙo, ya miƙa wa surukinsa.

To wane ne zai mayar da hannun suruki? Mutumin da ko tuwo ba ya iya ci a gaban Baba, ya durƙusa ya shanye tas. Duk ranar kasuwa haka, a kuma bar masa ragowa ta sauran kwanaki.

Aka fara ɗauko min shi daga gona, gumi sharkaf, jiki na rawa, bai san inda yake ba. In ya farfaɗo in ce, “Malam, tun da ka fara haɗa goran nan da ƙwaya kake faɗuwa.” Sai ya ce, “Kulu, so kike in ce wa mahaifinki maganinsa bai yi ba?” Baba kuma da ya ji an faɗi, sai ya ce ciwon ne ya yi ƙarfi, ya ƙara wa jiƙon kauri. Na gaji, wallahi. Na gaji da wanki, da jinya, da maza biyu masu kunyar juna.

Faɗuwar ƙarshe a amalanke aka kai shi asibiti, sai da aka ɗura masa ruwan sukari ta jijiya ya buɗe ido. Baba na tsaye a gefen gado, goran a cikin babbar rigarsa. Likita ya ce sukarin ne ya sauka fiye da kima, kuma irin wannan in ta sake faruwa ba lallai a tashi ba. Ya tambaya, “Akwai abin da kake sha ban da ƙwayarmu?”

Baban Azumi ya saci kallon Baba, ya sunkuyar da kai. “Babu.”

Ni kuwa na duba, na ga takaba tana jirana. Na ce, “Akwai. Yana cikin rigar Baba.”

Ban taɓa yin magana a gaban mahaifina ba tare da ya ba ni izini ba, sai ranar. Likita ya sansana goran, ya ce garafuni na sauke sukari, ƙwayar ma aikinta ke nan, su biyu a ciki ɗaya sun yi yawa. Bai zagi maganin ba. Baba ya karɓi goransa ya ce, “Ashe ni nake kayar da shi.” Ya fita ya zubar a gindin dalbejiya.

Maigidana bai sake faɗuwa ba. Ya daɗe yana fushi da ni, wai na tozarta dattijo a gaban mutane, na ce ya yi ta fushin, mai rai ne ke yi.

Baba bai daina zuwa ranar kasuwa ba. Amma a zaure yake tsayawa, ya tambayi jiki, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Har ya rasu ko goro bai sake kawowa gidana ba.